Mu masu kiwon tattabaru, sai mun yi rajista ne?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Mu kusan ashirin ne a unguwarmu a Zariya duk muna kiwon tattabaru, ranar Lahadi muke haɗuwa bayan la'asar mu yi karo-karon kuɗin magani da dawa, to yanzu kuɗin sun taru a akawun ɗin mutum ɗaya har an fara gunaguni, wasu na cewa mu je CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi. Ya za mu yi?

Amsa: Wa alaikumussalam. Ɗan'uwa ku dakata da maganar CAC tukuna, ku fara sayen littafi. Ku zauna ku rubuta dokokinku ko da shafi biyu ne, nawa ake biya duk mako, wa ke riƙe kuɗi, idan mutum ya yi wata uku bai biya ba me za a yi masa, in ya fita ana mayar masa da wani abu ko a'a. Wannan na ƙarshen shi ke raba abokai, don haka a rubuta shi tun ana dariya. Kuma ma'aji daban sakatare daban, ko da wa da ƙane ne, duk zama a karanto abin da ya shigo da abin da ya fita kowa na ji.

Rajista tana da amfani in kuna son akawun da sunan ƙungiya ko mallakar fili. A dokar kamfanoni da ƙungiyoyi, wato CAMA ta 2020, irin taku tana shiga ne a matsayin ƙungiya mai amintattu, za ku zaɓi amintattu aƙalla biyu, wato waɗanda za su riƙe amanar dukiyar ƙungiya, ku kai tsarin mulkinku da rubutaccen bayanin taron da aka zaɓe su, a buga sanarwa a jaridu biyu sannan a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Yaro ba ya zama amintacce, haka wanda kotu ta kama da zamba a cikin shekara 5 da suka wuce. Abin da masu zuga ku ba sa faɗa shi ne duk shekara sai kun kai rahoto, kuma ba a raba ribar ƙungiya tsakanin mambobi, kenan in niyyarku ku riƙa sayar da 'yan shila kuna raba kuɗi da salla, rajistar ƙungiyar gama kai ta fi dacewa da ku.

Kuɗin da ke hannun mutumin nan kuwa a lissafa su wannan Lahadin, ya sa hannu, shaidu biyu su sa.