Kachalar fadamar maƙwabcina ta cinye min gona, zan iya shiga in ƙone ta?

Tambaya: Salam Barista. Ina noman shinkafa a wata fadama a yankin Guri a jihar Jigawa. Gonar da muke iyaka da ita mai ita ya rasu, 'ya'yansa duk suna Kano, shekara huɗu kenan ba wanda ya saka mata lauje, yanzu kachala, doguwar ciyawar nan mai fitowa cikin ruwa, ta cika ta har ta tsallako ta toshe min hanyar ruwa, ga tsuntsayen jan baki nan suna kwana a ciki suna cinye min shinkafa. Na kira babban ɗan ya fi a ƙirga, kullum sai ya ce zai zo. Mutane sun ce min tunda sun bar ta ina da dama in shiga in banka mata wuta in noma abata, kuma in na kai su kotu sai sun biya ni duk asarar da na yi. Meye gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya mayar maka da alheri. Abin da zan faɗa a kan bayaninka kaɗai na gina shi, ban ga gonar ba kuma ban ji ta bakin magadan ba, to ka riƙe wannan a ranka. Amma abubuwan nan biyu da aka gaya maka, a fahimtata, duk akwai gyara sosai a cikinsu, na farkon ma zai iya kai ka ofishin 'yan sanda.

Gonar gado ba ta tashi daga hannun magada don kawai sun bar ta ciyawa ta cinye. Ina zargin waɗanda suka ba ka shawarar sun haɗa abubuwa biyu ne suka cakuɗa, wato raya matacciyar ƙasa da kuma hauzi, mallakar wuri saboda daɗewar riƙo. Raya ƙasa ana maganarsa ne a kan filin da ba a san mai shi ba, wannan kuwa kai da bakinka ka ce ka san masu ita har kana da lambar babbansu. Shi kuma hauzi a mazhabar Malikiyya, wanda kotunanmu na Arewa suke aiki da shi, galibi sai mutum ya riƙe wuri shekara 10 yana amfani da shi a matsayin nasa, mai wurin yana nan yana gani bai ce uffan ba kuma babu wani uzuri da ya hana shi magana, in akwai dangantaka tsakaninsu ma lokacin ya fi haka tsawo nesa ba kusa ba. Kai ko kwana ɗaya ba ka riƙe gonar ba. Ta ɓangaren dokar amfani da ƙasa ta 1978 ma, filayen karkara ƙaramar hukuma ce ke da hurumin ba da izinin mallaka na gargajiya, ƙwace wa mutum haƙƙinsa kuma aikin gwamnati ne bisa sharuɗɗan da dokar ta shimfiɗa, ba aikin maƙwabci ba ne ko da shi ne ake cuta.

To in ka shiga ka saka wuta fa? Shiga wurin wani ba izini da kuma ɓarnata dukiya duk laifuka ne a dokar Final Kod, wato kundin hukunta laifuka na Arewa, kuma ɓarnar da aka yi da wuta hukuncinta ya fi tsanani. Na san za ka ce ai kachala ba dukiya ba ce, haka ne, amma wutar fadama da rani ba ta san iyaka ba, in iska ta kwashe ta ta faɗa tarin shinkafar wani ko bukkar masunta ko ta ritsa da shanun makiyayi, kai da ka zo neman diyya kai za a nema da diyya. Akwai kuma ƙa'idojin hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, na 2011 a kan ƙona daji. Sannan ko ta fuskar noma wutar ba za ta biya maka buƙata ba, saiwar kachala tana can kwance a cikin laka, ka ƙone sama ta sake tofowa da ƙarfinta. Feshin magani a kan ruwan da jama'a da dabbobi ke sha kuma ake kamun kifi a ciki, shi ma ban ba ka shawara ba.

Abin da ya tsallako cikin gonarka kuwa naka ne ka sare, ba ka buƙatar izinin kowa, ka tsaya dai a iyakarka.

Sai maganar diyya, a nan ne na fi so ka nutsu. Ba na cewa ba ka da ƙara kwata-kwata. A shari'ar Musulunci akwai ƙa'idar nan ta hadisi cewa ba cuta ba cutarwa, kuma alƙali yana iya umartar maƙwabci ya gusar da abin da ke cutar da na kusa da shi. A dokokin da muka gada daga Ingila kuma, wata tsohuwar shari'a ta 1890 ta ce mai gona ba shi da alhakin ciyawar da ta fito da kanta iska ta kwashi irinta zuwa gonar wani, daga baya kotunan can suka sassauto, a 1980 suka ce in mutum ya san akwai abu a filinsa da ke barazana ga maƙwabci to wajibi ne ya yi abin da ya dace gwargwadon ƙarfinsa, har a 2018 aka kama kamfanin da ke kula da layin dogo da laifi saboda wata ciyawa mai mamaya da ya bari ta shiga filayen gidajen mutane. Sai dai hukunce-hukuncen Ingila na bayan 1900 ba dole ba ne a kan alƙalin Najeriya, yana iya ɗauka yana iya bari, kuma ka lura da kalmar gwargwadon ƙarfinsa, don magada za su iya cewa ba su da kuɗin da za su share.

Babbar matsalarka ita ce hujja. Lauyan da zai kare su tambaya ɗaya zai yi maka: ta yaya ka san kachalar gonarka daga gonarsu ta zo? Duk wanda ya san yankin Haɗeja zuwa Nguru ya san ciyawar nan ta mamaye ko'ina tun bayan da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina janyewa da rani kamar da, ya koma yana kwance duk shekara, ita kuma abin da take so kenan. Irinta iska ke ɗauka, ruwa ma yana kawowa. Jan baki kuma suna iya tasowa daga wani dajin kachalar mai nisa su sauka a gonarka, ba alƙalin da zai iya tantance wane tsuntsu ne ya kwana a ina. Don haka diyyar duk shinkafar da ka rasa, gaskiya da wuya. Abin da na ga ya fi kama da mai yiwuwa shi ne maganar hanyar ruwan da ta toshe, in dai ta cikin gonarsu ta bi kuma kowa ya shaida da can tana gudana, wannan ana iya zuwa a gani da ido, kuma abin da za ka roƙa shi ne umarnin a buɗe ta, ba kuɗi ba. Ko shi ɗin ma ba na yi maka alƙawari.

Wasu za su ce ka yi ƙarar hukumar kogunan Haɗeja-Jama'are tunda madatsun a hannunta suke. Wannan hanya ce mai tsawo da tsada, akwai batun wace kotu ce ke da hurumi, akwai dokar kare jami'an gwamnati mai wa'adin wata 3 da za a fara jifan ka da ita, mutum ɗaya mai gona ɗaya ban ga ya ɗauko wannan ba. Koke a rubuce daga ƙungiyar manoman fadamar gaba ɗaya, ta hannun ƙaramar hukuma, a nemi a turo injin yashe magudanar, ya fi ma'ana.

Ban ji daɗin halin babban ɗan nan ba, mutum ya gaji gona ya bar ta tana cutar da wanda ya yi zaman mutunci da mahaifinsa, sannan a kira shi ya riƙa cewa gobe jibi, wannan bai dace ba. Amma duk da haka sulhu nake ba ka shawara, saboda abin da kake buƙata shi ne ruwa ya wuce kafin damina, shari'ar fili kuwa tana iya cin damina biyu ko uku kachalar na ƙara yaɗuwa. Ka daina kiran waya haka nan, ka tura masa saƙo a rubuce ka ajiye, ka ɗau hotuna da bidiyo na iyakar da na magudanar. Daga nan ka kai maganar wurin bulama ko dagaci tare da sarkin noma, su ne za su kira shi, kiran da zai yi masa wuyar sharewa.

A zaman sulhun ka je da tayi a hannu. Ko su ba ka aron gonar na wasu shekaru kai kuma ka share ta ka noma, ko haya a cire kuɗin aikin sharewar daga ciki, ko mafi ƙaranci su ba ka izini a rubuce ka shiga ka buɗe hanyar ruwan, a yi gayya a yanke ta ƙarƙashin ruwa yadda za ta nutse, a maimaita in ta tofo. Duk wanda aka amince a kai a rubuta shi, a faɗi shekara nawa, a faɗi iyaka, shaidu su sa hannu. Kuma ka tabbatar an raba gadon ko ba a raba ba, in ba a raba ba sa hannun babban ɗa shi kaɗai bai wadatar ba, sai da yardar sauran magadan har da matan da ke cikinsu, in akwai marayu ƙanana kuma sai da waliyyinsu. Ka sani tun yanzu cewa aro ba ya zama mallaka komai daɗewarsa, ranar da wa'adi ya cika gonarsu ce. In sun ƙi zuwa ko sun ƙi duk tayin, ka nemi dagacin ya ba ka takardar cewa an yi ƙoƙarin sulhu bai yiwu ba, ka haɗa da saƙonnin da hotunan ka samu lauya a nan kusa da ku, a Haɗeja misali, wanda zai iya zuwa ya taka gonar da ƙafarsa kafin a shigar da komai.