Laifin Daenerys ne ko na masu alƙalami?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da yayana mun daɗe muna musu a kan shirin almara na Game of Thrones. Shi ya ce babu shirin da ya ɗaukaka mata kamarsa, tunda har sarauta suka yi. Ni kuwa na ce an ɓata su a ƙarshe, musamman Daenerys, sarauniya mai dodanni, da ta ƙona birni. Wa ya fi gaskiya, kuma da me ake aunawa?
Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Yayanki yana da hujja, amma taki ta fi nauyi. Ɗora mace a kan karaga ba wuya gare shi ba. Inda marubuci ke nuna gwaninta shi ne ya ba ta dalilin kanta a duk abin da ta aikata, har mai kallo ya ce lallai haka za ta yi.

Tashar HBO ta Amurka ta haska shirin daga 2011 zuwa 2019, zango 8, kashi 73. Zango shida na farko kowanne kashi 10 ne, na bakwai ya koma 7, na takwas 6. A lokacin kuma labarin ya riga ya wuce littattafan George R. R. Martin da aka gina shirin a kansu, wanda na biyar ɗinsu ya fito tun 2011. Gaggawar nan ce ta cinye Daenerys. An nuna tsananinta tun da wuri: ta gicciye iyayengijin bayi 163 a birnin Meereen, ta ƙona basarake Randyll Tarly da ɗansa. Amma waɗannan duk mutane ne da take ɗauka abokan gaba. Kashe talakawa da yara bayan an kaɗa ƙararrawar miƙa wuya wani tsani ne daban, kuma ba a kafa matakansa ba. Mutuwar amintaccenta Jorah, ta aminiyarta Missandei, ta ɗaya daga dodanninta, da gano cewa masoyinta Jon ya fi ta cancantar gadon sarauta, duk an cusa su cikin kashi uku kacal na zangon ƙarshe, a na biyar sai wuta. Ba mu taɓa jin ta zauna tana kokawa da zuciyarta ba. Da wutar ta kama, kyamara ma ta bar fuskarta.

Ki riƙa lura da inda kyamara ta tsaya. A zango na biyar, daren auren Sansa, wata 'yar gidan sarauta, da azzalumi Ramsay, ana cin zarafinta amma fuskar Theon, wanda aka tilasta wa kallo, aka nuna yana kuka. Azabar tata, labarin nasa. A littafi ma ba Sansa aka yi wa haka ba, wata yarinya ce, Jeyne Poole. Daga baya aka sa wa Sansa a baki cewa wannan wahala ce ta sa ta girma, abin da muke ganin kuskure ne babba.

Akwai kuma batun su waye a ɗakin rubutu. Cikin kashi 73, huɗu ne kawai ke ɗauke da sunan marubuciya, Jane Espenson da Vanessa Taylor, kuma bayan zango na uku babu ko ɗaya. Mai ba da umarni mace guda ce, Michelle MacLaren, kashi huɗu. Ba wai namiji ba ya iya rubuta mace ba ne. Hirar sarauniya Cersei da mijinta sarki Robert a kan mataccen aurensu, a zango na farko, babu ita a littafi, masu shirin, David Benioff da D. B. Weiss, ne suka rubuta, kuma tana cikin mafi kyawun shirin. Sai dai in babu mace a wurin, ba mai cewa a dakata.

Ki nuna wa yayanki wannan hirar, sannan Cersei ta zangon ƙarshe da ke tsaye bakin taga da kofin giya a hannu, ya ƙirga jimlolin da aka ba ta a kowanne.