Amsa ga mai tambaya kan DNA, RNA da ciwon sikila

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin ce an gaya muku a aji DNA yana kwafar kansa, RNA kuma yana taimakawa wajen haɗa furotin, amma kin kasa raba wannan da wancan. Kin kuma tambaya ko a wajen kwafin ne aka samu kuskuren da ya jawo wa ƙaninki sikila. Bayoloji nake koyarwa a sakandare, kuma a daidai wannan gaɓa ɗalibaina suka fi ruɗewa, don haka ki yi haƙuri in ɗan tsawaita.

Kwafi iri biyu ake yi a cikin tantanin jiki, kowane da dalilinsa. Na farko ana yin sa ne idan tantani zai rabu biyu, domin kowane sabo ya tafi da cikakken DNA. Shi DNA igiya biyu ne murɗaɗɗu, da haruffa huɗu a jere: A, T, G, C. A ba ya kamawa sai da T, G kuma sai da C. A 1953 James Watson da Francis Crick suka fito da wannan siffa a Ingila, bisa hotunan da ɗakin binciken Rosalind Franklin ya samar. Idan lokacin kwafi ya yi, wani sinadari mai suna helikes yakan warware igiyoyin, wani kuma mai suna folimares ya bi kowace tsohuwar igiya yana jera mata abokan haruffanta. Sai a tashi da DNA biyu, kowane rabinsa tsoho rabinsa sabo, kamar yadda Meselson da Stahl suka tabbatar a 1958.

Abin da ake yawan tambaya a jarabawa, ɗalibai kuma su yi ta faɗuwa, shi ne folimares fuska ɗaya kawai yake iya tafiya. Don haka igiya ɗaya tana ginuwa a miƙe, ɗayar kuwa guntu-guntu, su ne ake kira gutattsarin Okazaki, daga baya a liƙe su. Yana kuma duba aikinsa, ya cire harafin da bai dace ba. Haruffa wajen biliyan 6 ake kwafa a tantanin mutum, amma bayan gyara kuskuren bai fi ɗaya cikin biliyan ba.

Kwafi na biyu shi ne na yau da kullum, kuma nan RNA ke shigowa. Nakan ce wa yarana su ɗauki DNA a matsayin kundin malam da ba ya fita daga zaure. Mai buƙatar wani babi sai ya rubuta shi a allo ya fita da shi, in an gama a wanke allon. Wannan allon shi ne mRNA: igiya ɗaya ce, gajeriya, ba ta daɗewa, kuma U take sawa a gurbin T. Tana fita daga cibiyar tantani zuwa raibosom, inda ake karanta ta harafi uku-uku. Kowane ukun sunansa kodon, guda 64 ne, suna nuni ga amino asid 20, wato tubalan da ake gina furotin da su. AUG ne ke cewa a fara, UAA, UAG da UGA su ce a tsaya. Wani RNA ɗin, tRNA, shi ke ɗauko amino asid da ya dace da kowane kodon. Shi kansa raibosom ɗin mafi yawansa RNA ne, kuma RNA ɗin ne ke ƙulla amino asid da ɗan'uwansa, abin da littattafan sakandare ba su cika faɗa ba.

To, batun ƙaninki, Allah ya ba shi lafiya. A kuromosom na 11 (kuromosom ƙunshin DNA ne a cibiyar tantani) akwai ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin wani sashe na himogulobin, furotin ɗin da ke jigilar iskar oksijin a jini. Sashen amino asid 146 ne. A mai sikila, kodon ɗin na shida a DNA GTG ne maimakon GAG, sai tRNA ya kawo balin inda ya kamata a sa gulutamik asid. Harafi ɗaya tak. Vernon Ingram ya gano wannan musayar amino asid a shekarun 1950. Idan oksijin ya yi ƙasa, irin wannan himogulobin yakan manne da juna, jar ƙwayar jini ta lanƙwashe, ta toshe ƙananan jijiyoyi, nan ciwon ke tashi. Lafiyayyar ƙwaya takan kai kwana 120, mai sikila kuwa 10 zuwa 20.

Amma ba a jikinsa aka yi kuskuren kwafi ba. Harafin ya sauya ne tun zamanin kakannin kakanni, ya kuma yaɗu a ƙasashenmu saboda mai AS, wato mai ƙwayar gadon sikila (S) ɗaya da lafiyayyiya (A) ɗaya, ya fi jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Ƙaninki ya karɓi S ɗaya daga mahaifiya, ɗaya daga mahaifi, folimares da raibosom ɗinsa kuma aikinsu suke yi daidai, abin da suka tarar suke kwafa. Shi ya sa ƙarin jini ke kawo sauƙi na ɗan lokaci kawai, domin ɓargonsa zai ci gaba da ƙera irin ƙwayoyin da ya saba. Dashen ɓargo ne ke canza tushen, sai dai yana da tsada da haɗari.

Wani abu da iyaye kan ja da ni a kai: idan AS ya auri AS, yiwuwar haihuwar mai SS ɗaya ce cikin huɗu, kuma a kowane ciki ake lissafa ta, ba a jimillar 'ya'ya ba. Na ga gidan da duk yaran suka tsira, na ga wanda biyu a jere suka zo da SS. Ke ma in uwa ɗaya uba ɗaya kuke da shi, kina iya zama AA ko AS, kuma mai AS yawanci ba ya jin komai a jikinsa, sai gwajin jini a asibiti ne zai nuna miki.