PlayStation ko Xbox? Amsa ga mai gidan gem a Gusau

Assalamu alaikum. Saƙonnin wannan mako sun karkata ne ga na'urorin gem, don haka na ware uku daga ciki. Ta farko za ta ci mana lokaci, domin jarin mutum ne a kan layi.

Tambaya: Malam, ina da gidan gem a Tudun Wada, Gusau, da PlayStation 4 (PS4) guda huɗu. Na tara 'yan kuɗi ina son in ƙara sabuwar na'ura. Wani abokina ya ce in sayi Xbox Series S don ta fi arha, wani kuma ya ce kar in kuskura, wai PlayStation ad da wasannin da babu su ga kowa. Mi ne ne gaskiyar wanga zance?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ƙara kasuwa. Abokan naka duka biyu ba su yi ƙarya ba, sai dai kowannensu ya kama gefe ɗaya ne.

Akwai wasannin da kamfani ke biyan kuɗin ƙirƙirarsu don a buga su a na'urarsa kaɗai. Sony, mai PlayStation, na da God of War da Spider-Man da Gran Turismo. Microsoft, mai Xbox, ya yi suna da Halo da Forza. Nintendo kuwa Mario da Zelda ne dukiyarsa. Dalilin wannan rowa shi ne, ribar na'urar kanta ba ta taka kara ta karya ba. A 2021 wata jami'ar Microsoft ta shaida wa kotu a Amurka cewa ba su taɓa cin riba a kan sayar da akwatin Xbox ba. Kuɗin yana cikin abin da zai biyo baya: kuɗin rajista na wata-wata, da kason da mai na'ura ke yanka, kusan 30 cikin 100, a duk wasan da aka saya a shagonsa na intanet. Masunta sun san ƙugiya ba ta kama kifi sai da koto. Keɓantaccen wasa shi ne koton. In ya ja ka ka shiga, shekara shida ko bakwai kana sayayya a gida ɗaya.

Kuma koton yana aiki. Dubi Nintendo Switch da ta fito a 2017. A ƙarfin inji ba ta kai PS4 ba, amma an sayar da fiye da miliyan 150, saboda duk mai son Mario ko Zelda ba shi da wata ƙofa sai ita. Microsoft da ya ga an bar shi a baya sai ya buɗe bakin aljihu: ya sayi kamfanin da ya mallaki Bethesda, masu ƙirƙirar wasanni, a kan dala biliyan 7.5 a 2021, sannan a Oktoban 2023 ya kammala sayen Activision Blizzard, masu Call of Duty, a kan kusan dala biliyan 69. Hankalin Sony ya tashi ƙwarai, har sai da aka sa hannu a yarjejeniyar shekara 10 cewa Call of Duty zai ci gaba da fitowa a PlayStation. Abin mamaki, bayan duk wannan kashe kuɗi, Microsoft da kansa ya fara kai wasanninsa gidan kishiya. A 2024 Sea of Thieves ya shiga PS5, a 2025 Forza Horizon 5 ya bi sahu.

To, yanzu mu dawo shagonka. Kwanan baya na zauna a wani gidan gem a Birnin Kebbi bayan la'asar, ina jiran a duba mini fad ɗin (abin riƙewa a hannu a buga wasa) da maɓallinsa ya maƙale. Talabijin biyar, huɗu duk ƙwallo ake bugawa. Wannan ya ɗauki Madrid, wancan ya ɗauki Barcelona, 'yan kallo sun yi layi a benci, wanda aka ci shi ke biya. Ta biyar kuwa yara biyu ne ke dambe a Mortal Kombat. Har na tashi ban ji wanda ya nemi God of War ba. Ba laifinsu ba ne: wasa ne na mutum ɗaya mai dogon labari, sai an shafe awa 20 ko fiye kafin a kai ƙarshensa. Wa zai biya kuɗin wannan a shago? Abin da ke kawo maka ciniki, wato wasan ƙwallon kamfanin EA da ya bar sunan FIFA ya koma FC tun 2023, da eFootball wanda muka sani da PES, duk suna kan PlayStation da Xbox.

Saboda haka keɓantattun wasanni ba su ne za su yanke maka hukunci ba. Duk da haka PlayStation nake ba ka shawara, don wasu dalilai na daban. Series S ba ta da wurin sa faifai sam, komai sai ka sauke daga intanet, kuma wasa ɗaya yakan haura gigabait 50, ban da sabuntawa. Ka lissafa wannan da kuɗin data. Sannan hannun yaranmu ya saba da fad ɗin PlayStation tun zamanin PS2, masu gyara sun fi saninta, in kuma ka tashi sayarwa ba za ka sha wahalar samun mai saye ba. In kuɗinka ya kai, ka sayi PS5 mai cin faifai, domin tana karɓar mafi yawan faifan PS4 da kake da su. Ka dai sani, tsohon fad na PS4 ba ya aiki a wasannin PS5, kuma tana jan wuta wajen wat 200 in ana wasa, sai ka duba ƙarfin janaretanka ko solarka. In kuwa kuɗin bai kai ba, PS4 biyu na hannu masu lafiya za su fi kawo maka kuɗin shiga fiye da sabuwa guda ɗaya.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a jami'ar Aliero. Na ji an ce God of War ya shigo kwamfuta. Ke nan ba sai na sayi PlayStation ba?

Amsa: Haka ne ƙanena, tun Janairun 2022, kuma Spider-Man ya biyo baya a Agustan shekarar. Sony kan jinkirta, sai wasan ya gama cin kasuwarsa a PlayStation. Microsoft kuwa rana ɗaya yake sakin nasa a Xbox da kwamfuta. Matsalar ita ce kwamfutarka. In irin ta rubutu da aikin makaranta ce, marar katin hoto na musamman kamar na Nvidia ko AMD, wasan zai riƙa sarƙewa, ta yi zafi kamar dutsen guga. Ina kuma roƙonka ka guji wasannin sata da ake tura wa mutane a filash. Na sha karɓar kwamfutar da ƙwayar cuta ta shiga ta wannan hanya, aikin digirin mutum ya salwanta.

Tambaya: Ni uwa ce daga Argungu. Ɗiyana biyu, mai shekara 8 da mai 11, sun matsa mini in saya musu na'urar gem. Wace ta dace da su?

Amsa: Hajiya, a nan kam keɓantattun wasanni su ne kan gaba. Manyan wasannin da Sony ke taƙama da su, irin God of War da The Last of Us, na manya ne, akwai jini da kisa. Na Nintendo irin Mario Kart sun fi dacewa da yara, kuma Switch na da batir da allonta, ko an ɗauke wuta za a yi wasa. Aibinta, wasanninta ba sa saurin karyewar farashi, kuma samunsu a kasuwanninmu sai an bincika. Kowace kika saya, ki duba lambar da ke jikin kwalin wasan: 3, 7, 12, 16 ko 18, ita ce shekarun da aka yarda a buga shi. Nintendo na da manhajar iyaye da za ki sa a wayarki ki ƙayyade musu lokaci, misali awa ɗaya bayan sun dawo daga Islamiyya, in ya cika wasan ya tsaya da kansa.