Wai fararen wadannin taurari za su fashe su ƙone duniya?

Tambaya: Malam barka da aiki, ina karanta fiziks aji uku, naji ana farautar fararen wadannin taurari (white dwarfs, wato ƙananan ragowar taurarin da makamashinsu ya ƙare) masu zagaya juna a cikin dunƙulen taurari (inda dubban taurari ke cure wuri ɗaya). Yanzu wani bidiyo na yawo a WhatsApp wai an gano biyu za su yi karo bana su ƙone duniya, Hajiyarmu har bata barci. Da gaske ne?

Amsa: Ɗana ka kwantar wa Hajiya hankali, babu wannan magana. Neman dai ana yi. Dalili kuwa tsakiyar dunƙulen a cushe take, taurari na gittawa kusa da juna har su yi musayar abokan zagaye, shi yasa ake sa ran samun 'yan biyu masu matsatsin zagaye a can. Wahalar ita ce dusu-dusu suke cikin wannan cunkoso, sai da manyan na'urorin hangen nesa irin su Hubble da Chandra ake tsinto su. A dunƙulen NGC 6624 akwai 'yan biyun da ake kira 4U 1820-30, farin wada da tauraron nutiron (curarren ragowar babban tauraro da ya fashe), minti 11 kacal suke gama zagaye ɗaya. A dunƙulen 47 Tucanae akwai wasu 'yan biyun, X9, masu zagaye a minti 28. Na'urar LISA da hukumar sararin samaniyar Turai ta amince da ita a 2024 zata saurari igiyar nauyinsu (girgizar da zagayensu ke haddasawa a sararin samaniya), sai wajen 2035 zata tashi.

To masu bidiyon nan su ne ke ɓata min rai, kullum sai an turo min irinsa. Mutum bai san meye iyakar Chandrasekhar ba, wato bai san sai nauyin farin wada ya doshi ninki 1.4 na rana ake maganar fashewarsa ba, amma ya saka kiɗa mai ban tsoro ya yanka rana da wata! Babu masanin da ya isa ya ce bana ne. Kuma ko an yi fashewar, sai tana cikin nisan 'yan gomomin shekarun haske (shekarar haske ita ce nisan da haske ke ci a shekara ɗaya) zata taɓa mu, alhali dunƙulen M4 da ke cikin mafi kusa ya haura shekarun haske 6,000, shi 47 Tucanae kusan 15,000. A shekarar 1006 irin wannan fashewa ta faru, masani Ali bin Ridwan ya ganta da idonsa a Masar ya rubuta, haske ne kawai a sama, ba wanda ko gashinsa ya ƙone.

Abin da ke min ciwo tsofaffi masu hawan jini ake tsoratawa don a tara kallo, wasu har da karɓar kuɗin "maganin kariya". Ku ji tsoron Allah, kai kuma ka goge bidiyon daga wayar Hajiya yau ɗin nan.