Toho ne ko kumburi? Amsa ga ɗalibar da ta yi tambaya kan yis

Wata ɗaliba daga Unguwar Rogo, Jos, ta aiko da tambaya: tana karanta yadda ƙwayar yis ke hayayyafa, wani ɗan ƙullutu ya ɓullo a gefenta ya girma ya ɓalle. Shin wannan tsiro za a ce, ko toho, ko kumburi?

'Yata, toho ne, wasu su ce tofo. Tsiro na iri ne da aka binne ya fasa ƙasa. Kumburi kuwa ba ya zaɓen gefe, abu ne ya cika ta ko'ina. Toho shi ne sabon da ke fitowa daga jikin uwa mai rai, a gurbi guda, kamar yadda dalbejiyar da aka sassare ke fid da jajayen ganye a bakin saran.

Wannan "gurbi guda" shi ne hujjata, kuma masana kimiyya suna bayana. A cikin ƙwayar yis akwai wani sinadarin furotin, Cdc42, da ke taruwa a waje ɗaya ya sa alama. Daga nan sai zarurrukan aktin, wani furotin mai yin siraran zare a cikin ƙwayar, su miƙe zuwa wurin. Wani furotin, Myo2, ya riƙa ɗaukar 'yan mitsi-mitsin ƙunsuna ɗauke da kayan ginin fata da bango, yana bin zaren da su, wani furotin kuma, Sec4, na manne da kowane ƙunshi. A bakin tohon wata tawagar furotin 8 ke tare su ta ɗaure, sannan su juye kayansu. Uwar kusan ba ta ƙaruwa, komai na tafiya ga ɗan. In aka lalata Cdc42, kayan sai su watsu ko'ina, ƙwayar ta zama ƙatuwa, zagayayyiya, ba ɗa. To, a nan ne kalmar kumburi ta dace.

Masanin kimiyya Randy Schekman da ɗalibinsa Peter Novick ne suka zaƙulo ƙwayoyin gado 23 masu kula da wannan jigila a 1980, a Amurka. Aikin ya kai Schekman ga kyautar Nobel a 2013, tare da wasu masana biyu, Rothman da Südhof.

Kada ki haɗa wannan da tashin ƙullu. Mai masa in ta ce ƙullunta ya tashi, iskar da yis ke fitarwa ce ta ɗaga shi bayan ya ci sukari.

Wani malamin firamare kuma ya tambayi ma'anar "yuyuyu" a cikin "da haihuwar yuyuyu gara ɗaya ƙwaƙƙwara". Kalma ce mai zana kamanni: ƙanana birjik, ba mai ƙwari a cikinsu. Ba zagin yawan 'ya'ya ake yi ba, malam, ana dai fifita wanda aka iya ɗawainiyarsa har ya tsaya da ƙafarsa. Ana ma faɗinta kan sana'a, ga mai buɗe shaguna barkatai da jari kaɗan.