Ku Tambaya Mu Amsa: Kai Mai Keken Guragu Umara

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki, ba ya taka ƙafa ko kaɗan, keke mai batir yake hawa. Muna so mu kai shi Umara ta Kano. Ejan ya ce mu kwantar da hankalinmu, akwai keke a filin jirgi. Wannan ya isa?
Wata 'yar'uwa, Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba Baba lafiya. Bai isa ba, kuma tun wurin yankar tikiti ake ɓata wannan tafiya ko a gyara ta.

Kamfanonin jirage sun kasa taimakon keke gida uku, kowanne da haruffan da ake rubuta shi da su. WCHR na wanda ke hawa matakala, doguwar tafiya ce kawai take ba shi wuya. WCHS na wanda ba ya hawa matakala amma zai iya takawa zuwa kujerarsa. WCHC na wanda sai an ɗauke shi har kan kujera, kuma shi ne na Baba. Da yawan ejan WCHR suka saba rubutawa. Idan aka rubuta masa shi, yaro ɗaya za a turo da keke, ya kawo shi gindin matakala, babu motar ɗaga shi, babu siririn keken da ke ratsa tsakanin kujeru. Ku ce a nuna muku haruffan a rubuce, zuwa da dawowa, har da jirgi na biyu idan za a ya da zango. A yi haka aƙalla awa 48 kafin tashi, amma mu shawararmu ranar sayen tikiti. Kamfani na iya neman likita ya cike fom ɗin MEDIF, wato takardar bayanin lafiyar fasinja, musamman idan larurar sabuwa ce.

Sai batir, wanda nan aka fi tsayar da mutane. Ki duba jikinsa, za ki ga lamba da V, da wata da Ah. Ki ninka su: 24V sau 10Ah ya ba da 240Wh, wato ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka. Idan na lithium ne da ake cirewa, ƙa'ida kada ya wuce 300Wh, a rufe bakin wayoyinsa da tef, a shiga da shi cikin jirgi a hannu, ba a cikin kaya ba. Na ajiya kuma ɗaya ne har 300Wh, ko biyu kowanne har 160Wh. Ki aika wa kamfanin nauyin keken da tsawonsa da faɗinsa da nau'in batirin, su amince a rubuce.

Za a karɓi keken kafin Baba ya shiga jirgi. Kafin nan ku ɗauki hotonsa ta kowane gefe, ku cire matashin zama da sandar tuƙi da matakin ƙafa ku riƙe, don su ne ke saurin karyewa. Matashin ma Baba ya zauna a kansa, saboda zaman awa huɗu ko biyar kan jawo gyambon kwanciya. In an sauka aka ga ɓarna, kada ku fita sai an rubuta muku rahoton PIR, wato takardar shaidar ɓarnar kaya, a teburin kaya. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 kan sufurin jiragen sama kwana 7 ta bayar a kai ƙorafi a rubuce.

Ma'aikatan jirgi ba sa ɗaukar fasinja, ba sa ba shi abinci a baki, ba sa shiga bayi da shi. Ku tafi da namiji mai ƙarfi, a haɗa musu kujera.

Tambaya: Ina da ciwon laka, likita ya ɗora ni kan tramadol da pregabalin. Zan iya shiga Saudiyya da su?
Wani mai karatu, Maradi

Amsa: Malam, duka biyun magunguna ne da ake sa wa ido sosai a Saudiyya da Dubai da Masar, kuma an sha tsare matafiya a kansu. Ka samo wasiƙar likita da Turanci ko Larabci, mai hatimin asibiti, ɗauke da sunanka kamar yadda yake a fasfo, sunan maganin da yawan da kake sha a rana. Ka nemi izinin hukumar magunguna ta Saudiyya kafin ka tashi. A bar maganin cikin kwalinsa, iya na kwanakin tafiya, a jakar hannu. Kuma don Allah kada ka karɓi saƙon maganin kowa, ko ɗan'uwanka ne.

Tambaya: Ina hawa keken guragu, ejan ya ce otal ɗinmu yana kusa da Harami. Me zan ƙara tambaya?
Wata mai karatu, Kumasi

Amsa: Hajiya, Makka gari ne na duwatsu, mita 300 a kan gangara ta fi kilomita guda a shimfiɗe wahala ga mai tura keke. Ki tambayi yanayin hanyar. Ki auna faɗin kekenki, yawanci santimita 60 zuwa 70 ne, sannan ki nemi hoton ƙofar bayi da awonta, ki ga ko akwai tudu a bakinta, ko baho ne sai an tsallaka. A Harami galibi sama ake tura masu keke su yi ɗawafi, zagayen can ya fi na ƙasa tsawo nesa ba kusa ba, ga Safa da Marwa fiye da kilomita 3 a zagaye bakwai. Akwai masu turawa na hukuma masu shaida a jiki, akwai kuma motocin lantarki na haya. Ku yi ciniki kafin ki hau, kuma ki zaɓi hantsi, lokacin da cunkoso ya lafa.